Shinkafar da ke danne ciyawa da kanta: abin da masana suka gano, da yadda waya za ta iya auna shi

Matasa da dama sun rungumi noman shinkafa a 'yan shekarun nan, daga fadamun Argungu da Suru a Kebbi zuwa Kura da Haɗeja, har zuwa Gaya da Tillaberi a bakin kogin Neja. Duk wanda ya shiga harkar ya san inda kuɗi ke zurarewa: maganin feshi da ladan 'yan ƙwadago masu cire ciyawa. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009 ya nuna cewa ciyawa na jawo asarar shinkafa kimanin tan miliyan 2.2 duk shekara a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun ranar da manomi ya sayi iri ya riga ya yanke wani ɓangare na yawan ciyawar da zai yi fama da ita. Idan aka shuka irin shinkafa biyu a gona ɗaya, aka ba su taki da ruwa daidai wa daida, za a iya tarar da ɗaya ciyawa ta shaƙe ta, ɗayar kuma ita ce ta shaƙe ciyawar. Bambancin yana cikin halittar irin, kuma a yau ana iya auna wani sashe nasa da kyamarar waya.

Makonni shida da ke yanke hukunci

Shinkafa da ciyawa abu guda suke nema: hasken rana, ruwa da takin da ke cikin ƙasa. Gasar ta fi zafi a makonni huɗu zuwa shida na farko bayan shuka, lokacin da shinkafa ba ta rufe ƙasa ba tukuna. Ciyawar da ta tsiro a wannan lokaci ita ce ke yin ɓarna mafi muni. Wadda ta fito bayan ganyen shinkafa ya haɗe yawanci takan tashi a raunane, domin ba ta samun haske.

Ciyawa tana shiga wannan gasa da wata fa'ida. Yawancin ciyayin da ke addabar shinkafa, irin su harkiya da ƙiri-ƙiri da aya-aya, suna sarrafa hasken rana ta wata hanya da masana ke kira C4, wadda ta fi aiki idan ana zafi da rana mai ƙarfi. Ita kuwa shinkafa tana bin hanyar C3, wadda ke yin asarar wani ɓangare na ƙarfinta idan zafi ya yi yawa. Shi ya sa ciyawa ke saurin zarce shinkafa a yanayi irin na ƙasar Hausa.

Masana suna raba ƙarfin shinkafa a gaban ciyawa gida biyu. Akwai irin da ke danne ciyawa, wato ya hana ta girma da zubar da 'ya'ya. Akwai kuma irin da ke jure mata, wato ya ba da amfani mai kyau duk da tana nan a gonar. Na farkon ya fi amfani ga wanda zai ci gaba da noma gonar, domin ciyawar da ba ta zubar da iri bana ba, ba za ta dawo da yawa baɗi ba.

Makami na farko: inuwa

Babbar hanyar da shinkafa ke danne ciyawa ita ce ta riga ta mamaye sama. Ƙananan ƙwayoyin ciyawa da yawa suna buƙatar haske kafin su tsiro, waɗanda suka tsiro kuma ba sa yin ƙarfi a cikin duhu. Saboda haka irin da ya fi saurin shimfiɗa ganye shi ke cin gasar.

Halaye kaɗan ne ke haɗuwa su samar da wannan. Na farko, saurin tashi bayan tsiro. Na biyu, yawan 'ya'yan da ke fitowa daga gindi ɗaya, domin kowane ɗa sabon ganye ne da ke ƙara rufe fili. Na uku, tsayi, saboda shinkafar da ta fi ciyawa tsawo ita ce ke fara tare rana. Na huɗu kuma siffar ganyen: ganye mai faɗi, maras kauri, wanda ke lanƙwasowa ƙasa, ya fi yin inuwa a kan ganye siriri da ke tsaye ƙyam. Ganye maras kauri yana da arha ga tsiro, domin da abinci ɗan kaɗan zai shimfiɗa fili mai yawa.

A ƙarƙashin ƙasa ma ana irin wannan tsere. Irin da saiwarsa ke saurin bazuwa yakan riga ciyawa zuƙe taki da danshi, musamman a shinkafar tudu wadda ta dogara da ruwan sama.

Shinkafar Afirka, gwanar wannan fage

Jinsin shinkafa biyu ne ɗan Adam ya mayar abin nomawa. Akwai ta Asiya, Oryza sativa, wadda ita ce ta cika kasuwannin duniya. Akwai kuma ta Afirka, Oryza glaberrima, wadda manoman Afirka ta Yamma suka samar daga shinkafar daji kimanin shekara 3,000 da suka wuce, a yankin da kogin Neja ke malala a ƙasar Mali ta yau. Har yanzu ana samun ta a wasu fadamun arewacin Najeriya, kuma sau da yawa ƙwayarta ja ce.

A gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Yamma, nau'o'in shinkafar Afirka, kamar wanda ake kira CG14, sun yi fice wajen danne ciyawa. Suna tashi da sauri, suna yin 'ya'ya da yawa, ganyensu kuma yana lanƙwasowa ya rufe ƙasa da wuri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manoman da suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru ba su da maganin feshi, don haka irin da ya tsira daga ciyawa shi ne ake ajiyewa don shukar baɗi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Shinkafar Afirka takan kwanta idan ta yi nauyi ko iska ta kaɗa, ƙwayarta takan kakkaɓe ta zube kafin a yanke ta, zangarniyarta kuma ba ta da rassa da yawa, don haka amfaninta bai kai na ta Asiya ba. Wannan ne ya sa manoma suka yi ta barin ta.

Yadda aka sayar da inuwa aka sayi yawan amfani

A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Los Baños a ƙasar Filifin ta fitar da wani iri mai suna IR8. Gajere ne, karansa mai ƙarfi, ganyensa a tsaye. An tsara shi ne don ya sha taki da yawa ba tare da ya kwanta ba, kuma hasken rana ya ratsa har zuwa ganyen ƙasa. Amfanin gona ya ƙaru ƙwarai a Asiya, kuma yawancin ingantattun irin da suka biyo baya sun ɗauki wannan siffa.

Amma hasken da ke ratsawa zuwa ganyen ƙasa shi ne dai ke isa ga ciyawa. Masu tsara waɗannan iri sun yi lissafin cewa za a dasa su a kwamin da ruwa ke kwance, kuma za a samu maganin feshi ko masu cira. Inda aka cika waɗannan sharuɗɗa, lissafin ya fita. Inda ba a cika ba, gajeren iri yakan sha wuya.

FARO 44, wadda manoma suka fi sani da Sipi, misali ce ta wannan gida: gajeriya ce, tana nuna da wuri, tana kuma ba da amfani mai yawa idan ta samu ruwa da kulawa. Wanda ya watsa ta a gonar da ba a iya tsare ruwa, ya kuma makara wajen noman farko, zai ga yadda ciyawa ke hawa kanta. Irin ba shi da laifi, an dai kai shi inda ba don nan aka yi shi ba.

NERICA: ƙoƙarin haɗa gida biyu

A shekarun 1990, masana a cibiyar WARDA da ke ƙasar Kwaddebuwa, wadda yanzu ake kira AfricaRice, ƙarƙashin jagorancin Dakta Monty Jones ɗan ƙasar Saliyo, sun yi ƙoƙarin haɗa ƙarfin shinkafar Afirka da yawan amfanin ta Asiya. Aikin yana da wuya, domin idan aka yi barbarar jinsunan biyu, 'ya'yan da ake samu yawanci ba sa yin ƙwaya. Sai da aka riƙa ciro ɗan tayin iri ana renonsa a ɗakin gwaji, sannan a sake yi masa barbara da shinkafar Asiya. Abin da aka samu shi ne NERICA, wato sabuwar shinkafa don Afirka. Wannan aiki ya sa Jones ya samu kyautar abinci ta duniya a 2004. A Najeriya an fitar da NERICA 1 da sunan FARO 55, NERICA 2 kuma da sunan FARO 56, dukansu na tudu.

NERICA ta kawo saurin nuna da juriya ga wasu cututtuka. Ta fuskar ciyawa kuwa, gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa nau'o'inta na tudu ba su kai uwarsu CG14 ƙarfin danniya ba, kuma sun bambanta da juna sosai. Dalili ɗaya shi ne, sake barbara da shinkafar Asiya ya sa mafi yawan gadon da ke jikin NERICA na Asiya ne. Wani dalilin kuma shi ne, danne ciyawa ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba. Halaye ne da yawa da ke warwatse, kuma da wuya a kwaso su gaba ɗaya. Darasin da ke nan ga mai sayen iri shi ne, sunan gida kaɗai bai isa shaida ba, sai an duba nau'in.

Makami na biyu: sinadarai daga saiwa

A shekarun 1980 wani masani na ma'aikatar gona ta Amurka, Robert Dilday, ya lura da wani abu a filin gwaji da ke Stuttgart a jihar Arkansas. A kewayen gindin wasu nau'o'in shinkafa akwai da'irar da wata ciyawar ruwa ba ta tsiro ba, alhali ta cika ko'ina a kusa da sauran. Da aka tantance nau'o'i kusan 12,000, an samu wajen 400 masu wannan hali. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a irin wannan bincike shi ne PI 312777.

Abin da ke faruwa shi ne, saiwar waɗannan nau'o'i tana fitar da sinadarai cikin ƙasa da ruwa waɗanda ke hana saiwar ciyawa girma. Waɗanda aka fi sani su ne momilakton A da B. Masana a Japan ne suka fara gano su a 1973 a cikin ɓuntun wata shinkafa mai suna Koshihikari, sunan ma daga kalmar Japananci ta shinkafa mai ɓuntu aka samo shi. Daga baya aka tabbatar cewa saiwa ma tana fitar da su. An kuma gwada kashe ƙwayar gadon da ke ƙera su a jikin shinkafa, sai aka ga ƙarfinta na danne tsiron da ke kusa ya ragu.

Wani abin mamaki shi ne shinkafa tana gane maƙwabciyarta. Idan akwai ciyawar Echinochloa a kusa, wadda tana cikin manyan abokan gabar shinkafa a duniya, shinkafar takan ji sinadaran da saiwar ciyawar ke fitarwa, sai ta ƙara yawan momilakton. Ita ma ciyawar ba ta zauna haka ba. Binciken ƙwayoyin gadonta da aka wallafa a 2017 ya nuna tana ƙera nata sinadarin da ke danne shinkafa. Tana kuma da wata dabarar: tun tana ƙarama takan yi kama da shinkafa har mai cira ya tsallake ta. Hanyar gane ta ita ce a duba inda ganye ya haɗu da kara. Shinkafa tana da wani ɗan siririn harshe a wurin, ita kuwa ciyawar ba ta da shi.

A ƙasar Sin an yi amfani da wannan ilimi an fitar da wani iri mai suna Huagan-3, wanda aka tsara don ya haɗa yawan amfani da danne ciyawa. Ko shi ma yana rage buƙatar magani ne, bai kawar da ita gaba ɗaya ba.

Dalilin da ya sa ake ba wannan fage muhimmanci shi ne ciyawa tana sabawa da magani. Tun wajen 1990 aka tabbatar da ciyawar Echinochloa da maganin propanil ba ya kashewa a Arkansas, bayan an shekara da shekaru ana fesa shi a gonaki ɗaya. Shi wannan magani yana cikin waɗanda ake sayarwa a shagunan kayan gona na Najeriya.

Wuta-wuta: wani yaƙin daban

A shinkafar tudu akwai abokiyar gabar da inuwa kaɗai ba ta isa ta hana ta ba, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Ita ba gasa take yi ba. Tana manne wa saiwa ta riƙa tsotse ruwa da abinci tun kafin ta leƙo sama. Ƙwayarta na iya kwanciya a ƙasa shekaru da yawa, ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, mai suna sitirigolakton.

A nan abin ya juye: irin da ke fitar da sinadarin kaɗan shi ne ya fi tsira, domin bai tayar da maƙiyi daga barci ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa NERICA 1 da CG14 suna fitar da shi kaɗan, kuma wuta-wuta ba ta kama su sosai kamar wasu nau'o'in. Ga mai gonar tudu da ke fama da ita, wannan bayani ne da ya kamata ya tafi da shi wurin mai sayar da iri.

Inda waya ta shigo

Sinadaran saiwa sai ɗakin gwaji, amma inuwa kowa na iya auna ta. Masana a Jami'ar Jihar Oklahoma ta Amurka sun ƙirƙiro wata manhaja mai suna Canopeo, wadda ke duba hoton da aka ɗauka daga sama ta faɗi kashi nawa cikin ɗari na ƙasa koren ganye ya rufe. Masu kiwon iri a manyan cibiyoyi irin wannan aiki suke yi da jirage marasa matuƙi, suna ɗaukar hoton ɗaruruwan filaye a lokaci guda.

Matashin da ke son sanin wane iri ne ya dace da gonarsa zai iya yin ƙaramin gwaji kamar haka:

1. Ya ware filaye ƙanana masu girma ɗaya, misali mita 2 a tsaye mita 2 a kwance, ya shuka iri biyu ko uku a rana ɗaya, da tazara ɗaya da taki ɗaya.
2. Ya maimaita kowane iri a wurare akalla uku a cikin gonar, domin wani ɓangaren ya fi wani danshi ko taki.
3. Duk mako ya ɗauki hoto daga sama, wayar tana kallon ƙasa sak, kimanin santimita 60 a saman ganye, a lokaci ɗaya na yini.
4. Ya ɗauki hoton bayan an cire ciyawa, domin manhajar kore kawai take gani, ba ta bambanta shinkafa da ciyawa.
5. Duk lokacin da aka yi cira, ya tara ciyawar kowane fili daban, ya shanya ta, ya auna nauyinta.
6. A ƙarshe ya auna shinkafar da kowane fili ya bayar.

Irin da ya riga rufe ƙasa, ya tara ciyawa kaɗan, kuma amfaninsa bai faɗi ba, shi ne abokin tafiyar wannan gona. Alƙaluman za su shiga kowace manhajar rubutu ko ta lissafi da ke kan waya.

Akwai wasu manhajojin da ke taimakawa. Pl@ntNet tana ƙoƙarin gano sunan tsiro daga hotonsa, kuma ta fi dacewa idan an ɗauki fure ko kan ciyawar, domin ƙananan ciyayi suna kama da juna. Cibiyar AfricaRice kuma tana da RiceAdvice a wayoyin Android, wadda ke ba da shawarar taki gwargwadon bayanan gona, kuma an yi aiki da ita a Kano. Tana da 'yar'uwa mai suna WeedManager da ta shafi ciyawa kai tsaye.

Abin da iri ba zai yi shi kaɗai ba

Babu irin shinkafar da ke hana ciyawa ɗungurungum. Abin da iri mai ƙarfi ke yi shi ne ya rage aiki, misali ya sa ciyawar da za a tarar a maimai ta yi ƙaranci, ko ya rage ɓarnar idan an ɗan makara. Ƙarfinsa kuma yana ƙaruwa idan aka haɗa shi da dabarun da manoma suka sani. Dashe yana ba shinkafa ratar makonni biyu zuwa uku a kan ciyawa. Ruwan da ya kwanta 'yan santimita a kwami yana hana ciyayi da yawa tsirowa. Rage tazara yana sa ganye ya haɗe da wuri. Zuba taki bayan an yi cira yana sa shinkafa ce ke cin sa. Iri mai tsabta kuma yana hana manomi shuka ciyawa da hannunsa.

Zaɓin ya danganta da gona. Mai kwami a Kadawa wanda ke da ruwa a hannu kuma yana dashe zai iya cin ribar gajeren iri mai yawan amfani. Mai gonar tudu ko fadamar da ruwan sama kaɗai ke ba ta, wanda ke watsa iri kuma ba shi da kuɗin ƙwadago sau uku, ya fi buƙatar iri mai saurin tashi da faɗin ganye, ko da amfaninsa a takarda bai kai na wancan ba.

Don haka idan aka je sayen iri, bayan tambayar buhu nawa yake bayarwa da kwana nawa yake nuna, akwai tambayoyin da ya kamata a ƙara: na tudu ne ko na fadama, yaya tsayinsa, kuma a mako na nawa yake rufe ƙasa. Malaman gona na jiha da cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja, wadda ke kula da binciken shinkafa a Najeriya, su ne wuraren da za a nemi bayanin nau'o'in FARO. Sauran amsar kuma tana cikin hotunan da mai gona zai ɗauka da wayarsa a makonni shida na farko.